Raƙuman Mai Sikeli

Kwanakin baya na taka a hankali zuwa shagon bakin hanya in sayi sabulu da gishiri. Mai shagon ya duba akwatinsa bai sami canji ba, sai ya yagi gefen kwali ya rubuta ɗari biyu, ya sa hannu a ƙasa ya miƙo mini. Ya ce, "Iya, riƙe wannan. Duk ranar da kika aiko da shi za a ba ki kaya, kamar kuɗi ne." Na karɓa na juya shi gaba da baya, na mayar masa, na ce ya ba ni ashana ta ɗari biyun. Ya yi dariya ya ce, "Haba Iya, gari za ki ƙona? Ko ba ki yarda da ni ba ne?" Na ce, "Na yarda da kai, ɗana. Na taɓa yarda da wanda ya fi ka ma." Na dawo gida da ashanar da ba ni da bukata, na zauna a bakin ƙofar ɗakina har inuwa ta juya ban taɓa komai ba. Shi ya sa na nemo ragowar littafin da nake rubutu a ciki tun zamanin ajinmu na yaƙi da jahilci. Hannuna ba ya sauri, amma ba inda za ni.

Yaran yanzu ba su san kuɗi yana da murya ba. Su dai waya ta yi ƙara a aljihu a ce kuɗi sun shigo, wata rana kuma a ce sun taso daga can ba su iso nan ba, suna hanya kamar fatake. Mu da muka taso, kuɗi ƙarfe ne. Anini, da kwabo mai huda wanda ake zirawa a zare, da taro, da sisi, da sule. Takardar fam ta gwamnati akwai ta, amma ba ta cika sauka ƙauye ba, mu mata sai dai labari. Uwar mijina, wadda duk gidan muke kira Inna, tana da wani ɓarin dutsen niƙa da ta ajiye a bakin ɗakinta, ba don komai ba sai gwajin kuɗi. In an kawo mata sule sai ta sake shi a kan dutsen ta karkata kunne. In ya yi 'yar waƙarsa ta ɗaure shi a bakin zane. In ya faɗi tim ya yi shiru, ta ce a mayar wa mai shi, wannan bebe ne. Takan ce, "Kuɗin da ba ya magana, wani ne ke magana a madadinsa. To sai ki san ko wane ne."

An kawo ni gidan nan da ƙuruciyata, a wani ƙauye tsakanin Bici da Ɗanbatta, inda gona ke manne da gona, babu tafin ƙasar da ba shi da mai shi. Gidaje ba su yi nisa da juna ba, don haka da hantsi in wata ta ɗaga taɓarya a gidan gabas sai ta gidan yamma ta amsa mata, kafin ka ankara lugude ya zagaye unguwa. Ba ma fita, amma da kunne mun san komai. Mun san gidan da ake surfe, da gidan da ake dakan fura, da gidan da aka yi baƙi. Da kaka kuwa sai gyaɗa. Mu wuni muna ɓara har farce ya yi zafi, mu soya, mu daka, mu matse mai, mu toya ƙuli-ƙuli, ƙamshi ya kama har zanen da mutum zai yi salla da shi. Da kuɗin ƙuli-ƙulin nan na sayi 'yar akuya, ta yi ta haihuwa ina sayar da mazan, har na tara mata uku. In ka cire 'ya'yana biyu, ba ni da abin da ya fi su a duniya.

A garin kasuwarmu, tafiyar hantsi guda daga gida, akwai wani attajiri mai sayen gyaɗa. Sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane, Mai Sikeli kawai ake ce masa, saboda ƙaton ma'aunin da ke rataye a ƙofar rumfarsa. Shi ke ba manoma iri da bazara, shi ke sayen gyaɗarsu da kaka, yana kuma sayar da hatsi da gishiri da kananzir. Wata kakar kuɗin da ake kawo masa daga birni suka yi jinkiri, ga manoma sun cika ƙofarsa da jakuna. Sai ya sa malaminsa ya yayyanka takarda mai kauri, ya rubuta bisimilla a sama da tawadar allo, a ƙasa ya rubuta da ajami cewa duk wanda ya kawo wannan za a biya shi. Da yake yawancinmu ba ma karatu, ya sa aka sassaƙo masa hatimi biyu. Mai hoton zakara sule ɗaya ke nan, mai hoton raƙumi sule goma, rabin fam. Aka ce kowa ya riƙe zuwa kasuwa mai zuwa. Kasuwa ta zagayo, kuɗi suka iso, duk wanda ya kai takarda aka zuba masa tsabarsa cif. Amma kafin nan wasu sun riga sun sayi nama da tasu, mahauci ya biya mai goro da ita, mai goro ya biya tela. Mutane suka ga abin ba nauyi, ba ya huda aljihu, ba ya ƙara ɓarawo ya ji. Tun daga nan zakara da raƙumi suka shiga kasuwa suka zauna daram. Har sadaki an biya da su.

Ganin haka wasu 'yan kasuwa biyu su ma suka fito da nasu, ɗaya mai kifi, ɗaya mai tauraro. Maigidana yakan dawo daga kasuwa yana ba mu dariya. Ya ce yau kifi ya rame, mahauci ya rantse sai an ɗora masa taro a kai kafin ya karɓa, tauraro kuwa ba ya tsallake rafi, mutanen ƙetare sun ce ba su san shi ba. Amma raƙumin Mai Sikeli babu inda ba ya shiga. Inna dai ba ta taɓa karɓa ba. Ran da ɗanta ya miƙa mata zakara don ta sayi goro, ta sake shi a kan dutsenta, ya sauka a hankali kamar busasshen ganye. Ta ce, "Kun ji? Zakaran da ba ya cara, a tukunya ma ba shi da romo." Muka yi ta dariya har da riƙe ciki.

Sai shekarun nan suka zo. Ba na son in tsawaita a kansu, wanda ya gani ya sani. Damina ta farko ruwa ya ɗauke gero yana bununi. Ta biyu aka yi shuka sau uku, sau uku tana ƙonewa. Gyaɗa ta ƙanƙance, ganyenta ya yi rawaya, ka tuge ka ga babu ko ƙwaya. Rijiyoyi suka yi nisa, sai an ƙulla igiya a kan igiya. Abin da na fi tunawa shi ne shirun. Lugude ya ɗauke ɗif. Wadda ke da ɗan abin dakawa sai ta shigar da turmi ɗaki, ta shimfiɗa tsumma a ƙarƙashinsa, tana daka a hankali kamar mai sata, don kada maƙwabciya ta ji ta aiko da ƙwarya, ita kuma ta rasa bakin hanawa. Mu da muka san juna da kunne, sai ga shi kowa ya zama baƙo a bayan dangarsa.

Maza suka fara tafiya ci rani tun lokacinsa bai yi ba. Maigidana ya daɗe yana jurewa, daga baya shi ma ya naɗe tabarmarsa. Ranar da zai tafi kudu ya hau ya leƙa rumbu, ya sauko ya ce abin da ke ciki zai kai mu wata biyu in an yi tattali. Ya ce da ni, "Awakin nan naki ne, ba ni da iko da su. Amma shawarata ki sayar tun suna da sauran nama, ki sayi gero ki ƙara a kan wannan. Kada ki jira. In Allah Ya yarda zai kai ku cin tumu." Tumun sabon gero shi ne duk burin mai yunwa, in ka kai shi ka haye. Ya tafi ya bar mu huɗu a gidan, ni da Inna, da 'yar farina mai shekara huɗu, da namijin da nake goyo.

Bayan kwana kaɗan dillalin dabbobi ya zo. Ya shiga da izinin Inna ya duba awakin, ya koma zaure ya tsaya, ni ina daga ciki bayan asabari, Inna na zaune a tsakani.

Ya ce, "Matar Malam, dabba ta faɗi, kowa sayarwa yake. In tsaba kike so, fam huɗu. In kuwa za ki karɓi raƙuma, sai in cika miki goma, fam biyar ke nan."

Inna ta ce, "Kai kuma yaushe ka fara kyauta? Na san ubanka, ko gaisuwa sai ya taya."

Ya yi dariya ya ce, "Haba Inna! Tsaba ce ke wuyar samu, shi ke nan. Raƙumi kuwa ai raƙumi ne."

Inna ta juyo wajena ta ce, "Yarinyar nan, awakinki ne."

Ni kuwa fam ɗayan nan na ƙari nake gani, ina auna geron kwana nawa ne a bakin yara. Ban tambayi kaina abin da zai sa mutum ya ba ni biyar alhali yana iya ba ni huɗu ba. Ashe maza a kasuwa sun fara jin ƙishin-ƙishin, kowa na neman inda zai sauke tasa takardar, mu da ke cikin gida ba mu da labari. Na ce ya kawo raƙuman. Inna ta miƙe ta shiga ɗakinta, na ji kukan awakin yana nisa har ya ɓace.

Kuskure na biyu ya fi na farko, kuma shi ba kwaɗayi ba ne, tarbiyya ce. Tun ina yarinya uwata ta koya mini cewa mace ba ta taɓa ajiyarta sai rumbu ya nuna gindinsa. Kuɗi a zuba a 'yar tukunya, a rufe da kasko, a binne ƙarƙashin gado. Ba ya ruɓa, ba ya tsufa, ko shekara goma ya yi sule sule ne. Hatsi kuwa in an ga jaki ya sauke shi a ƙofar gida a irin wannan lokaci, kafin yamma dangi sun ji, kuma ba a hana dangi. Sai na naɗe raƙumana a tsumma, na barbaɗa toka saboda gara, na binne su yadda uwata ke binne nata. Na yi wa takarda ajiyar ƙarfe. Ban san ƙarfe yana jiran mai shi, takarda kuwa ranta a hannun wani yake ba. Sau biyu Inna ta tambaye ni, "An sayo geron?" Sau biyu na ce, "Sai kasuwa mai zuwa, Inna." Ba ta yi ta uku ba. Surukan wancan zamani ba sa maimaita magana har sau uku.

Labarin ya iso mu a makare. Wata tsohuwa mai kawo mana daddawa ce ta faɗe shi tana kwance kayanta, kamar abin da kowa ya sani. Ta ce, "Ai ku kun huta da ba ku taɓa takarda. Kifi ya mutu, mai tauraro an wayi gari ba shi ba iyalinsa, shi ke nan kowa ya ruga wajen Mai Sikeli. Yau kwana huɗu ana dafifi a ƙofarsa, har an karya wa wani hannu." Ko jira ta fita ban yi ba, na shiga ɗaki na tone tukunyar da hannuna. Da na fito da mayafi Inna ta dube ni ta ce, "Je ki. In an tambaya, ni na aike ki."

Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa taka hanyar nan da rana ba. Na zaci zan ji kunyar idon mutane, sai na tarar babu mutanen. Gonaki fayau, babu ko karan da tsuntsu zai sauka. Nan gawar jaki, can ungulaye. Ni da yaron da ke bayana kawai, shi ma ko kuka ba ya yi. Da na isa rumfar babu dafifi, an gama. Sikelin ma babu, sai igiyarsa tana reto. An ciccire ƙyauren ƙofofi, kana hango cikin ɗakunan ajiya wayam, an share har ƙasa. Shi kuma yana zaune a kan buzu shi kaɗai. Na durƙusa na gaishe shi, na kwance tsummar na jera raƙuman a gabansa.

Ya ce, "Baiwar Allah, daga wane gida?"

Na faɗa masa.

"Ina kika shige kwana huɗun nan?"

Na ce, "Ban ji ba, Alhaji. Muna cikin gida."

Ya yi salati. Ya ce, "Shekaranjiya da kin zo da na auna miki hatsi. Jiya da ko ƙyaure ne na ba ki kin sayar. Yau duba da idonki. Shekara biyu ina ba mutane iri, ƙasa na cinyewa. Ban ci na kowa ba. Amma na buga hatimi fiye da abin da ke cikin akwatina, wannan kam laifina ne, ba na damina ba."

Na ce, "Alhaji, ko mudu biyar ne. Yara biyu ne da tsohuwa."

Ya miƙe ya shiga cikin gidansa. Na ji wata mace tana magana ƙasa-ƙasa, yana amsa mata. Ya fito da 'yar dawa a ƙwarya, ba ta wuce mudu biyu ba, ya juye mini a bakin mayafi. Ya ce, "Wannan na bakin iyalina ne, ba biya ba ne. Takardunki ki riƙe su. In ina numfashi zan zo." Na yi godiya. A raina na ce haka kowa ke faɗa.

Da na dawo gida na tarar da ɗan garwashi a murhu, na kwance tsummar zan zuba su ciki. Ban san tsohuwar nan tana da sauran ƙarfi haka ba sai da ta riƙe mini wuyan hannu. Ta ce, "Ke! A murhu? Da sunan Allah a jiki?" Na ce, "Inna, ba su da amfani." Ta ce, "Kin ji na ce suna da amfani? Cewa na yi ba a zuba su a toka." Haka abin ya zame wa ƙasar gaba ɗaya. Ga takarda ba ta sayen ko gishiri, ga shi ba a yar da ita a juji, ba a takawa. Mutane suka yi ta cusa su a jinkar ɗaki, da tsagar bangon masallaci, da kogon kuka. Inna ta yagi gefen tsohon saƙinta ta naɗe nawa, ta sa na hau turmi na soke su can cikin jinka. Ta ce, "Ni takarda ce ban yarda da ita ba. Shi kuwa na san uwarsa, rijiya ɗaya muka yi ɗiba muna 'yan mata. Takarda ba ta da kunya, ɗan matar nan yana da ita. Zai zo." Na tsaya ina jiran sauran maganar, ta fam huɗun da na ƙi, ta kasuwa mai zuwa. Ba ta yi ba, ranar ko bayanta. Da ta zage ni da na sami sauƙi.

Rumbu ya ƙare daidai saukar ruwa. A wannan shekarar kuwa ruwa ya zo da kyau, kamar yana ba da haƙuri. Inna ta fasa wani gora da ta liƙe da laka, ashe iri ta ɓoye, muka fita ni da ita muka shuka, tana sara ina binnewa. Daga nan sai jira. Tafasa, rama, zogale, dusa in an samu, ƙwallon goruba a daka a jiƙa. Abin da nake rabawa huɗu bai isa mutum biyu ba. Ana nan sai Inna ta ce ta tuna akwai ramuwar azumi a kanta, tun ta shekarar da take goyon mijina. Na ce, "Inna, a wannan halin?" Ta ce, "To sai yaushe? Ga azumi ya zo har gida yana neman mai yi, in bar shi ya tafi a banza?" Da magariba in kai mata rabonta, ta ce, "Ajiye nan, sai na yi salla." Can in ji ta kira jikarta, wai ta zo ta ji tatsuniya. Ina tsakar gida ina jin gizo da ƙoƙi, ina kuma jin ludayi yana karo da ƙwarya. Sai yarinyar ta fito da ƙwaryar a wanke tana lashe baki.

Na sani. Wannan ne abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, sai wannan littafin. Tun mako na farko na gane inda rabon Inna ke zuwa, na yi shiru, domin 'yata ce ke ci. Sau ɗaya na daure na ce, "Inna, ramuwar nan ba ta ƙare ba?" Ta ce, "Ke ce ke ƙirga mini? Bar wa Mai ƙirgawa." Ban sake ba. Ƙafafunta suka kumbura, muryarta ta koma kamar ta yaro. Da hantsi takan ce in zaunar da ita a bayan ɗaki, inda ake hango kan gero ta saman danga. Ta ce, "Ya fid da kai?" In ce ya fitar. Bayan kwanaki ta ce, "Ya yi bununi?" In ce ya yi, Inna. Ta ce, "To madalla, kun kusa." Ba ta ce mun kusa ba. Wata safiya na kai mata ruwan alwala na tarar ta riga ta tafi, carbinta a hannu. Saura kwana tara aka fara cin tumu. Ranar da aka gasa na farko unguwa ta kaure da guɗa, turame suka fito tsakar gida, lugude ya dawo. Ni kuwa ina zaune da zangarniya a hannu, na murza na ba yara, har da nawa rabon.

Maigidana ya dawo bayan an kai amfanin gona gida, da ɗan abin da ya samu da ciwon tarin da bai rabu da shi ba. Na ce masa takardun sun mutu a hannuna. Ya ce, "Ba ke kaɗai ba ce. Allah Ya ƙaddara." Bai taɓa sanin an yi mini tayin tsaba ba, bai san wata guda cur na yi ina kwana a kan raƙuman nan ba. Dillalin ya bar ƙasar, Inna kuwa ta tafi da nata a ciki.

Shekara goma sha biyu suka wuce. Yaron da na goya a hanyar nan ya fara riƙe fartanya, ubansa ma ya rasu, fam da sule sun zama labari, an canza kuɗi. Wata rana da hantsi bayan kaka aka yi sallama a zaure. Na leƙa na ga wani tsoho ramamme da jaki ɗauke da taiki biyu na gero, ƙafar tsohon duk faso. Ban gane shi ba. Ya ce, "Baiwar Allah, ni ne mai raƙuma. Goma kika jera mini, ban manta ba." Ashe duk shekarun nan yana birni yana dako, yana yi wa wasu awon hatsi, in kaka ta yi ya sayi abin da ya sawwaƙa ya bi ƙauyuka gida-gida yana tattara takardunsa. Ya ce, "Ba da kuɗin yau zan biya ki ba. Geron da ya kamata su saya miki a ranar da kika zo, shi na kawo." Na hau turmi na laluba jinka. Sau uku ana sake wa ɗakin baibaya, sau uku ina mayar da ƙunshin inda Inna ta ce. Na sauko da shi ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi, amma goman suna nan.

Ya ce in ba shi ruwa a ƙwarya. Ya zauna a dakalin zaure yana tsoma su ɗaya bayan ɗaya, yana shafawa da babban yatsa yadda ake wanke allo. Tawadar ta narke, bisimilla ta fita, alkawari ya fita, ruwan ya yi baƙi. Hatimin ne kawai ya ƙi wankuwa. Ya ce, "In na gama ki zuba ruwan inda ƙafa ba ta takawa." Yana cikin wanke ta bakwai ya ce, "Ina tsohuwar gidan nan, ƙawar uwata, mai buga sule a dutse? Duk ƙasar nan ita kaɗai ce ba ta taɓa karɓar takardata ba. Ina so in gaya mata ta fi mu hankali."

Na ce, "Ta rasu a waccan daminar."

Hannunsa ya tsaya a cikin ruwan. Ya ce, "Kafin tumu ko bayan tumu?"

Na ce, "Kafin."

Ya ce, "Yunwa ce?"

Na dubi ƙafafunsa, na dubi jakin. Na ce, "Kwana ne ya ƙare, Alhaji."

Ya ɗago ya dube ni. Na san ya gane, shi ma ya san na sani. Ya ce, "Allah Ya jiƙanta." Na ce amin. Sannan na ce, "Ita ta hana ni ƙona su. Ta ce za ka zo." Sai ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Na koma ciki na ba shi wuri, don ba a kallon babban mutum yana kuka.

Ruwan na zuba shi a gindin lallen da Inna ta shuka a bayan ɗakinta. Geron kuwa ko tsaba ɗaya ba ta shiga rumbuna ba. Na fito da turmi tsakiyar gida na daka shi da ƙarfi, kowa ya ji, na yi fura na raba wa unguwa sadaka da sunanta. Kafin ya tafi na roƙe shi wankakken raƙumi ɗaya, ya ce, "Ɗauki, yanzu ba ya bin kowa, ba mai binsa." Ban sake ganinsa ba.

Yau lallen ya bushe, ɗakin jinkar an rushe an yi na kwano, rumfar Mai Sikeli an ce wurin cajin waya ne. 'Yar farina tana can da nata jikokin, ba ta tuna komai na shekarar sai tatsuniyar gizo, takan ce ba a taɓa yi mata mai daɗi irin ta Inna ba. In ta faɗa sai in ce haka ne. Ɓarin dutsen kuwa yana nan a bakin ƙofata, sai dai babu sulen da za a buga masa. Ranar da na dawo daga shagon nan da ashana, na buɗe adakata na ɗauko raƙumin, ya koɗe, da ƙyar ake gane tozonsa. Na sake shi a kan dutsen na karkata kunne yadda take yi. Ya sauka shiru kamar ranar farko. Masu magana a madadinsa duk sun tafi, saura ni.